Daga Kumasi zuwa Kano: me ya sa tafiyar awa 2 take cinye yini guda?

Tambayar ta zo daga wani ɗan'uwa a Aboabo, Kumasi. Mahaifiyarsa za ta je ɗaurin aure Kano a watan Janairu. Ya duba intanet ya ga tsakanin filin jirgin Kumasi da na Kano kilomita 1,260 ne, abin da bai kamata ya wuce awa 2 ba. Amma takardar da ejan ya ba shi ta ce Hajiya za ta tashi Kumasi 06:30 ta sauka Akra 07:15, ta tashi Akra 10:00 ta sauka Legas 12:00, sannan ta tashi Legas 17:00 ta isa Kano 18:30. Yana son sanin inda sauran awannin suka shiga, da dalilin da ya sa Akra zuwa Legas awa 2 ne a tafiya amma a dawowa aka rubuta tashi 13:00 sauka 13:00. Ejan kuma ya nuna masa wani jirgin Kano na wani kamfani dabam mai tashi Legas 13:45, yana tambaya ko ya karɓa don a rage wa Hajiya zama.

Malam, Allah ya kai Hajiya lafiya ya dawo da ita lafiya. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa kafin ka biya kuɗi: kada ka karɓi jirgin 13:45 ɗin nan. Dalilin zai zo a ƙasa, amma sai an warware lissafin tukuna.

Lambar da ka gani daidai take. Filin Kumasi, wanda aka sa wa sunan Prempeh I a 2024, yana wajen digiri 6.7 arewa da tsakiyar duniya, na Malam Aminu Kano kuma wajen digiri 12. Kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne, don haka Kano ta fi Kumasi arewa da kusan kilomita 590, ta kuma fi ta gabas da kusan 1,110. In aka ja zare daga wannan filin zuwa wancan, sai a sami 1,260. Wani shafin zai ba ka 783, wani 680, ka ɗauka saɓani ne, alhali nisa ɗaya ne da ma'auni uku: mil na tudu kilomita 1.609 ne, mil na teku da matuƙa jirgi ke aiki da shi kuwa 1.852. Kullum ka duba harafin da ke bayan lambar.

Sai dai wannan zaren ba jirgin fasinja da ke binsa. Ba a saba da jirgi mai tashi daga Kumasi ya zarce Kano ba, shi ya sa aka yanka wa Hajiya tafiyar gida uku: Kumasi zuwa Akra kusan kilomita 200, Akra zuwa Legas kusan 400, Legas zuwa Kano kusan 835. Jimla 1,435. Ka ga ratsen bai ƙara wani abin kirki ba, kilomita 175 ne kawai, abin da jirgi ke cinyewa a ƙasa da minti 15. Ba nisa ne ya ci yinin ba.

Akwai lissafin da yake fitar da mutum kunya a irin waɗannan tafiye-tafiye: ka raba kilomitan da 800, abin da ya fito awanni ne, sai ka ɗora minti 30 a kai. Kumasi zuwa Akra minti 15 da 30, wato 45. Akra zuwa Legas minti 30 da 30, awa guda. Legas zuwa Kano awa ɗaya da 'yan mintoci, a ɗora 30, a sami kusan awa ɗaya da rabi. Gwada da takardar hannunka ka gani. Da a ce akwai mai zarcewa daga Kumasi, da awa 2 da 'yan mintoci zai yi, kamar yadda ka zata.

Wannan minti 30 shi ne abin da yawancin mutane ba sa sawa a lissafi. Lokacin da ake rubutawa a tikiti ba ya farawa daga sa'ar da taya ta bar ƙasa. Yana farawa ne daga sa'ar da aka zare waigin da ke tokare da tayoyin jirgi aka tura shi baya, yana ƙarewa sa'ar da aka mayar da waigi a inda ya sauka. A tsakani akwai tafiyar hawainiya zuwa bakin titin tashi, da jiran izini daga hasumiya. Filin jirgin Akra titi ɗaya gare shi, kowa a kansa yake tashi yake sauka, don haka in an yi karo da lokacin manyan jirage sai an bi layi. Titin kuma yana da fuskarsa: jirgi yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska, kuma da yake iskar Akra ta fi kaɗowa daga kudu maso yamma, galibi ana tashi ne a nufi wajen teku sannan a karkato. Wanda ya taho daga Kumasi sai ya zaga ta arewa maso gabashin filin kafin ya miƙe ya sauka. Ƙari a kan haka, ƙasa da ƙafa 10,000 ba a barin jirgi ya wuce gudun mil na teku 250 a awa, kusan kilomita 460, ko da injinsa zai iya ninki biyun haka.

A gajeriyar tafiya irin ta Kumasi da Akra abin ya fi fitowa fili. Jirgi in zai sauko, yana bukatar kusan mil na teku 3 ga kowace ƙafa 1,000. Wanda ya hau ƙafa 35,000 ke nan sai ya sami kusan kilomita 195 na saukowa kaɗai, kusan tsawon tafiyar gaba ɗaya. Saboda haka ba ya ma hawa can. Yana gama hawa ya ɗan miƙe sai ya fara gangarowa. Wannan ne ya sa gardamar da ake yi a zango kan jet da mai farfela ba ta da tushe a wannan hanya. Embraer 145 na Africa World Airlines yana iya wuce kilomita 800 a awa, Dash 8 Q400 na PassionAir kuma wajen 650, amma a kilomita 200 bambancinsu 'yan mintoci ne da jiran akwati ɗaya zai shanye. Ka zaɓi wanda lokacinsa ya dace da na gaba.

Batun Akra da Legas kuwa agogo ne ya ruɗe ka. Nijeriya tana gaban Gana da awa ɗaya duk shekara, kuma kowane lokaci da ke kan tikiti na garin da aka rubuta a gefensa ne. Hajiya ta tashi 10:00 agogon Gana, ta yi awa guda tana bin gaɓar teku ta saman Lome da Kwatano, ta sauka 11:00 agogon Gana, wanda shi ne 12:00 a Legas. A dawowa ta tashi 13:00 agogon Legas, wato 12:00 a Akra, ta sauka 13:00. Awa guda ce a tafi, awa guda a dawo. Iska ba ta da wani tasiri a nan sai na minti biyu ko uku. Inda take nuna kanta shi ne doguwar hanya: 'yan'uwanmu masu zuwa New York, fiye da kilomita 8,200 daga Akra, tafiyarsu takan fi dawowarsu tsawo da kusan awa guda, domin a sararin sama na arewacin Tekun Atlantika iska mai ƙarfi daga yamma take tahowa, tana tokare mai tafiya tana tura mai dawowa.

Yanzu a mayar da komai agogo ɗaya. 18:30 a Kano 17:30 ne a Kumasi. Daga 06:30 zuwa 17:30 awa 11. A cikinsu awa 3 da minti 15 ne kawai Hajiya take cikin jirgi. Awa 2 da minti 45 tana Akra, awa 5 tana Legas. In ka ƙara fitowa daga gida da asuba, tunda ya kamata ta isa fili aƙalla awa guda kafin tashi ko da yake Aboabo ba ta da nisa da shi, da jiran kaya a Kano da motar da za ta kai ta masauki, daga ƙofa zuwa ƙofa abin ya doshi awa 14. Shi ne lissafin da za ka yi wa jikin dattijuwa, da abincinta, da maganinta. Kakanninmu fataken goro watanni suke yi da jakai tsakanin Kano da Salaga, amma wannan ba ya rage wa mai ciwon gwiwa gajiyar kujerar ƙarfe.

To, ko za a iya rage awa 5 ɗin Legas? Ana iyawa, amma ba zuwa awa ɗaya da minti 45 ba. Filin Murtala Muhammed fili ɗaya ne a suna, amma ɓangaren jiragen ƙasashen waje da na cikin gida ba a haɗe suke ba, sai an fita an shiga mota an bi titin gari. Na cikin gidan ma biyu ne, MMA2 da GAT, kowane kamfani da inda yake tashi, kuma direban tasi ba zai sani ba sai an gaya masa. Legas ce ƙofar da Hajiya ta shigo Nijeriya, don haka a nan za a buga mata hatimin shige da fice, a nan za ta ɗauki akwatinta ta wuce kwastan da shi. Ka ƙiyasta ranar da komai ya tafi daidai: minti 15 a fito daga jirgi, 20 a layin fasfo, 20 a jiran kaya, 10 a kwastan da fita, 15 a mota. Minti 80 ke nan, agogo ya nuna 13:20. Kantar awon kaya ta jiragen cikin gida galibi minti 30 zuwa 45 kafin tashi ake rufe ta, wato tsakanin 13:00 da 13:15. Tun a ranar sa'a ta makara. Balle in wani babban jirgi ya riga nata sauka layin fasfo ya cika, ko go-sulon Ikeja ya kama.

Abin da ya fi wannan muni shi ne tikitin dabam ne. Ka duba takardar ka nemi lambar ajiya, haruffa da lambobi guda 6. In duk zangunan tafiyar suna ƙarƙashin lamba ɗaya kuma tikiti ɗaya ne, jirgin farko ya yi latti har ta rasa na gaba, alhakin kamfani ne ya sa ta a wani jirgin. In kuwa kowane zango da lambarsa, kamfani na biyu bai san da na farko ba. A wurinsa fasinja ce da ba ta zo ba, sai dai a biya tara ko a sayi sabon tikiti da farashin ranar. Akwai kuma tarkon da ke kama mutane da yawa: in tikitin na tafi da dawo ne, wasu kamfanonin da zarar an rasa tafiyar sai na'ura ta soke dawowar. Ka tambayi ejan ƙarara, lamba nawa ce, ya kuma rubuta maka. A Legas da tikiti dabam-dabam, ƙasa da awa 4 caca ce. Awa 5 ɗin da aka ba ka, ga dattijuwa da kaya, ba ɓarna ba ce.

Akwai hanyar da ta cancanci ka sa ejan ya duba, wato ta Abuja. Akra zuwa Abuja kusan kilomita 900, Abuja zuwa Kano kusan 365. Da zangon Kumasi jimla ta zama 1,465, lokacin zama a jirgi kuma kusan ɗaya da na Legas. Ribar tana ƙasa: a filin Nnamdi Azikiwe ginin ƙasashen waje da na cikin gida maƙwabta ne, da ƙafa ake turo kaya daga wannan zuwa wancan ba sai an nemi tasi ba. Raunin hanyar shi ne jiragen Akra zuwa Abuja ba su kai na Legas yawa ba, don haka in na ranar ya lalace zaɓi kaɗan ne. In lokutan sun haɗu da tazarar awa 3, ni wannan zan zaɓa wa tsohuwa.

Zaman Akra na awa 2 da minti 45 yana da dama-dama, amma bai kai yadda yake a ido ba. Jiragen cikin gida a Terminal 2 suke sauka, na waje a Terminal 3 da aka buɗe a 2018, kuma tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci a tsakani. Ka dai karanta abin da aka rubuta a tikitinta. Kantar jirgin waje galibi awa guda kafin tashi ake rufewa, wato 09:00. In ta sauka 07:15 ta karɓi kaya 07:40, tana da rarar kusan awa ɗaya da minti 20. Jirgin Kumasi ya yi lattin awa ɗaya da rabi, shi ke nan, duk tafiyar ta rushe tun daga zangon farko.

A watan Janairu kuwa irin wannan latti ba baƙon abu ba ne. Lokacin hunturu ne, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana rufe sama daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma Kano ta fi Kumasi shan ta nesa ba kusa ba. Jirgi yana iya tafiya cikin hazo, sauka ce matsalar. Ko a titin da ke da na'urar jagorar sauka ta matakin farko, ƙa'ida ita ce ido ya iya ganin mita 800, ko mita 550 a awon kan titin, kuma in matuƙi ya sauko zuwa ƙafa 200 bai hango titi ko fitilunsa ba dole ya sake tashi. Inda babu na'urar, ko ta sami matsala, ana bukatar ganin nesa fiye da haka sosai. Shi ya sa za ka ga jirgi lafiyarsa ƙalau, sama garau a Legas, amma an ƙi tashi: rahoton Kano ake jira. In kuma an tashi hazo ya rufe a hanya, jirgin yana ɗauke da man da zai kai shi wani filin da aka tanada, da ƙarin na minti 30 da ba a taɓawa sai dole, sai ya karkata Abuja ko ya koma inda ya fito. Ba haɗari ba ne, tsarin aikin ke nan, amma ka gaya wa Hajiya tun a gida don kada hankalinta ya tashi in ta ji an ce ba a Kano aka sauka ba. Ka kuma tuna jirgi ɗaya ne yake zirga-zirga sau da yawa a yini, lattin safe yana bin sa har dare, kuma na 17:00 shi ke gadar duk abin da ya taru.

Saboda haka shawarata biyu ce. Ta bar Kumasi da yammacin ranar da ta gabata ta kwana wajen dangi a Nima ko Mamobi, waɗanda ke kusa da filin jirgin Akra, sai zangon farko ya fita daga lissafin haɗari, ta kuma huta tashin ƙarfe 4 na dare. Sannan a sa ranar tafiya kwana biyu kafin ɗaurin aure, kada a sa jajibere. In da damina ce da na ce maka ka guji jiragen yamma saboda hadari, domin tsawa da iska sun fi tasowa bayan azahar.

Takardu ba su da yawa. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya bukatar biza zuwa Nijeriya, amma ta riƙe fasfonta da sauran kwana a jikinsa, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai, don haka tsohon kati yana nan da ƙarfinsa in dai sunan ya yi daidai da na fasfo. Ka duba harafi da harafi cewa sunan tikiti shi ne na fasfo. Wajen magana da ejan a waya kuma ka yi amfani da haruffan filayen: KMS, ACC, LOS, ABV, KAN. Mu a zango Ankara muke ce wa Akra, kuma akwai wata Ankarar a Turkiyya.

Nauyin kaya ka ɗauki na kamfanin da ya fi ƙanƙanta a cikin ukun, domin abin da jirgin waje ya yafe na cikin gida zai caje shi, kuma a Legas da naira za a nema ba da sidi ba. Ƙananan jiragen nan ma'ajiyar samansu ƙarama ce, sau da yawa a gindin matakala ake karɓar jakar hannu a sa ta ciki da sauran kaya. Maganin hawan jini ko na suga, da fasfo da waya, su kasance a ƙaramar jakar da ke rataye a jikinta. Ruwa ko man shafawa da ya wuce mililita 100 ba ya wuce wurin bincike a jirgin waje, turaren biki ma a babban akwati za a sa shi.

In doguwar tafiyar ƙafa tana ba ta wahala, ka sa ejan ya nema mata kujera mai taya aƙalla awa 48 kafin tafiya, a kowane kamfani dabam. WCHR na wadda ke iya hawa matakala ce amma ba ta iya dogon tafiya, WCHS na wadda matakalar ma ta fi ƙarfinta. Ka faɗi gaskiyar halinta, domin a Kumasi da yawancin jiragen cikin gida da matakala ake hawa. Wannan hidima ba a biyan kuɗinta, kuma ma'aikacin da ke tura ta yakan wuce da ita layin fasfo da sauri.

Tafiyar ta kai ta kasaru, kuma zaman Legas ya haɗa azahar da la'asar cikin natsuwa. Magariba kuwa a watan Janairu wajen lokacin saukarta Kano za ta faɗo. Agogo ya yi gaba da awa ɗaya amma rana minti 40 kawai ta riga, tunda Kano tana gabas da Kumasi da digiri 10 kuma kowane digiri minti 4 ne, don haka ta bi kiran sallar inda take, kada ta bi jadawalin gida.

Wayarta in ba a buɗe mata layin waje ba, da Hajiya ta sauka Legas wayar za ta daina aiki, agogonta kuma yana iya tsayawa a lokacin Gana, ta zauna tana ganin 15:30 alhali 16:30 ce ana kiran jirginta. Kafin ta bar gida ka tura agogon hannunta gaba da awa ɗaya ka gaya mata wannan na Nijeriya ne. Ka rubuta mata a takarda da manyan haruffa sunan kamfanin jirgin Kano, da lambar jirgin, da ko MMA2 ne ko GAT, da lambar wayar wanda zai tarbe ta. Shi kuma mai tarbar ka ba shi lambar jirgin, ka ce 18:30 agogonsu ne, ya kira kamfanin ya ji jirgin ya baro Legas kafin ya fito daga gida.